Haƙƙin Kaza a Kan Wanda Ya Rufe Ta

Akurkin da ke bayan ɗakina ba shi da daɓe. Kafinta ne ya haɗa shi da katako, tsawonsa ƙafa 8, faɗinsa ƙafa 4, ya zagaye shi da ragar waya, ya rufe gefe guda da kwano saboda rana da ruwan sama. A baya akwai tayoyi biyu da muka kwance daga wani tsohon baro, a gaba kuma mariƙi biyu. Kaji shida ne a ciki, duk na Hausa, biyar mata da zakara ɗaya. Da safe nakan ɗaga gaban in ja shi a hankali iya tsawon jikinsa, kajin suna tafiya a ciki suna 'yar kyarkyara, in na sauke sai su tarar da kansu a kan ƙasar da ba su tona jiya ba. Ko an haɗa da canja ruwan kasko, aikin ba ya wuce minti biyar.

Gwaggona ce ta mayar mini da shi maganar addini. Ta zo daga ƙauye ta yi mana kwana biyu a Zariya, ta tsaya ta daɗe tana kallon akurkin, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, me bayin Allahn nan suka yi miki kika kai su kurkuku? Kina karantar da 'ya'yan mutane a Islamiyya, ba ki san kaza ma tana da haƙƙi ba?" Na ce, "Gwaggo, ai kullum ina matsar da su." Ta ce, "Ɗan kurkuku ma akan canja masa ɗaki."

Gwaggo ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ba daga iska ta ɗauko maganarta ba. A gidanta akurki na ƙasa ne, a gindin rumbu, kuma wurin kwana ne kawai. Gari na wayewa a janye murfi, a watsa ɗan tsaki ko dusa, sauran kuwa kaza ta nemo da ƙafarta: gara, fara, tsabar da ta zube a masussuka, ɗanyen haki da damina. Da magariba su dawo da kansu. A ganinta Allah ne ke ciyar da kajinta, ita mai tsaron ƙofa ce kawai. Aya ta 6 a Suratu Hud tana bayanta, inda aka nuna cewa arzikin duk mai tafiya a doron ƙasa yana wurin Allah. Haka ma hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya buga misalin tawakkali da tsuntsayen da ke fita da yunwa su dawo a ƙoshe. Tsuntsun wannan hadisi fita yake yi. To wanda aka hana fita fa?

Dalilan da suka sa na hana nawa fita ba su da wuyar faɗa. Gidanmu fuloti ɗaya ne a unguwar da gidaje suka manne da juna. Kazar da ta fita ƙofar gidana ba masussuka za ta tarar ba, kwata za ta tarar da juji, da masu babur. Wannan kuwa ya shafi tsarki kai tsaye. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu, kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, sai fa idan tana cin najasa. Haka kuma an karhanta ragowar ruwan da dabbar da ba ta guje wa ƙazanta ta sa baki a ciki, sai dai in kiyayewa ta yi wuya. Duk matar da ta taɓa shimfiɗa dadduma a tsakar gida ta san ba zancen cikin littafi ba ne kawai. Kazar da ta wuni a kwata ita ce za ta dawo ta hau tabarma, ta tsoma baki a butar alwala. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan tsare kazar da ke cin ƙazanta kwana uku kafin ya ci namanta. Malikawa ba su haramta naman irin wannan kaza ba, amma labarin ya nuna cewa tun zamanin sahabbai an san tsare kaza domin tsafta.

Sai maƙwabta. Babu unguwar da ba a taɓa yin cacar baki a kan kaza ba: ta zubar da shanyar kuɓewa, ta tone irin zogale, ta shiga madafin wata ta kifar da gari. A Muwaɗɗa akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa masu lambu su tsare kayansu da rana, abin da dabba ta ɓata da dare kuma yana kan mai ita. Malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan ko wannan ya haɗa da kaji da tattabaru da ƙudan zuma, waɗanda katanga ba ta tare su. Ni dai a tawa ƙaramar fahimtar, hukuncin ya zo ne a inda akwai makiyaya da fili. A layinmu babu makiyaya. Filin da kazata za ta yi kiwo a cikinsa tsakar gidan wata ne, kuma ba na jin yana daga cikin adalci in ce wa maƙwabciyata ta zauna gadin shanyarta domin ni in ci ƙwai.

Gwaggo tana da amsa a kan shaho da muzuru, amsar da kowa ya sani: zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne. Amma karin maganar labarin zakaran da ya tsira take bayarwa, ba ta ce komai a kan 'yan'uwansa da aka ƙyanƙyashe tare ba. Duk mai kiwon sake ta ga kaza ta fito da 'yan tsaki goma bayan kwana 21 na kwanci, kafin wata ya zagayo sun koma uku. Mutumin da ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya dogara ga Allah, an umarce shi ya ɗaure tukuna.

Saboda haka tsarewa a karan kanta ba laifi ba ne. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami, Abu Umair, wanda ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Annabi ya riƙa tambayar yaron labarinsa cikin raha da lallashi, bai kuma tsawata a kan riƙe shi ba. Wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙas, ya ciro fa'idoji sittin daga wannan ɗan gajeren labari, Ibnu Hajar ya kawo su a Fathul Bari, daga cikinsu akwai halaccin ajiye tsuntsu a keji. Da tambayar Gwaggo ta tsaya a kan halal da haram, da a nan za a rufe ta.

Ba ta tsaya nan ba, domin akwai matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Buhari da Muslim duk sun ruwaito labarinta, kuma kusan kowace ɗalibata ta haddace shi. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne laifi biyu aka lissafa mata. Ba ta ciyar da kyanwar ba lokacin da ta rufe ta, kuma ba ta sake ta ta je ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ke nan an ajiye wa mai dabba hanya biyu, ya zaɓi ɗaya: ko ya bar ta da ƙasar Allah, ko ya tsaya mata a madadin ƙasar. Ranar da na sa sakata a ƙofar akurki, arzikin kazar bai fita daga hannun Allah ba, amma hanyar da zai bi ya iso gare ta ta zama guda ɗaya tak, ita ce ni. In na makara, ta makara. In na manta da ruwa da tsakar rana, babu wani kaskon maƙwabta da za ta je ta leƙa. Kazar Gwaggo in ta mutu da yunwa ana iya cewa ƙaddara, tawa kuwa ba ni da wanda zan jingina wa.

Nan ne nake ganin mutane da yawa, har da masu ilimi, suna yi wa kansu sauƙin lissafi. Sukan ce ai ana ba ta abinci da ruwa, an sauke nauyi. Littattafan fiƙihu ma, in suna maganar ciyar da dabbar da aka mallaka, a kan abinci da ruwa suka fi tsayawa, domin su ne abin da alƙali zai iya aunawa ya tilasta. Amma wanda zai tsaya a madadin ƙasa, ya kamata ya fara tambayar me ƙasar take bai wa kaza. Ba hatsi kaɗai take ba ta ba. Ka zuba wa kaza abinci fal kwano, za ta ci, sannan ta koma gefe ta fara tono da ƙafa alhali cikinta a cike. Ko a kan siminti sai ta gwada. Ka ba ta busasshiyar ƙasa ko toka, za ta kwanta ta yi birgima, tana watsa ƙura cikin gashinta, da haka take rage ƙuma da ƙwarƙwata. Ba ta da haƙori, sai ta haɗiyi ƙananan tsakuwa su taya ƙundunta niƙa. Da yamma tana neman abin da za ta hau ta kwana a sama da ƙasa, in ƙwai ya matso kuma sai ta nemi lungu mai duhu. Babu wanda ya koya mata ko ɗaya. Aya ta 38 a Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi kamar mu, kuma ban san al'ummar da rayuwarta ta ƙare a ci da sha ba. Wanda ya halicci kaza da son tono ya san abin da ya yi. In na hana ta tonon, na tauye mata wani abu da ba ni na ba ta ba, ko da ba a sami babin da zai kama ni ba.

Turawa sun iso wannan tambaya ta wata hanyar daban, bayan sun kai tsarewa maƙura. A 1964 wata Baturiyar Ingila, Ruth Harrison, ta wallafa littafi a kan yadda manyan gidajen gona suka mayar da dabbobi tamkar injina, abin da ya sa gwamnati ta kafa kwamitin Brambell, wanda ya ba da rahoto a 1965. Daga nan aka gina jerin 'yanci biyar na dabba, kuma ɗaya daga ciki shi ne a bar ta ta yi ɗabi'ar da aka halicce ta da ita. An daɗe kafin maganar ta zama doka. A 1999 Tarayyar Turai ta zartar da hana tsohon kejin kajin ƙwai, hanin ya fara aiki a 2012. A irin wannan keji rabon kowace kaza santimita murabba'i 550 ne, bai kai faɗin takardar A4 ba, kuma a kan waya take tsaye tun daga shigarta har fitarta. Abinci da ruwa kuwa ba sa yankewa. Duk wanda ya ce ci da sha su ne iyakar haƙƙi, sai ya yarda cewa wannan kejin bai zalunci kowa ba. Ni ban iya yarda ba. Irin kejin da aka kora daga Turai shi ne yanzu ake tallata wa matan aure a garuruwanmu a matsayin kiwon zamani, ana ajiye shi a bayan madafi.

Akurki mai tafiya ƙoƙari ne na riƙe hanyoyin nan biyu a lokaci guda. An rufe kaza daga shaho da kwata da shanyar maƙwabta, amma ba a raba ta da ƙasa ba, tunda babu daɓe. Ba sabon abu ba ne ƙwarai. Tun da can matan ƙauye suna kife kaza da 'ya'yanta da kwando, su matsar da shi zuwa inuwa in rana ta juya, Fulani masu tashi kuma da kajinsu suke ƙaura a cikin saƙaƙƙen akurki. Wanda ya yi suna da irin na yanzu shi ne Joel Salatin, manomi a jihar Bajiniya ta Amurka, wanda ya fitar da littafi a kan tsarin a 1993. Nasa ƙafa 10 ne da 12, tsayinsa ƙafa 2, yana ɗaukar kajin nama kimanin 75, ana jan sa kullum a kan ciyawa. Hikimar ita ce kaji su bar kashinsu a baya ya zama taki, su kuma tsere wa ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin cutar da ke taruwa a inda aka daɗe ana zama.

Sai dai Bajiniya ƙasar ciyawa ce, Salatin kuma yana da kadada masu yawa. Ni bayan ɗaki nake da shi, wanda in na yi ta ja, cikin kwana tara na dawo inda na fara. Da damina abin yana tafiya daidai, haki kan tsiro kafin mu zagayo. Da rani kuwa ƙasar ƙeƙasasshiya ce, sabon wuri da tsohon wuri bambancinsu kaɗan ne, sai in na taimaka. Nakan zuba ruwan alwala a inda za su koma gobe, in watsa ganyen zogale da ragowar latas da kabeji daga wurin mai kayan miya, wani lokaci yara su samo mini gara. A bazara, lokacin da zafi kan doshi 40 a ma'auni, kwanon da ke kare su daga ruwa shi ne zai iya kashe su, domin kaza ba ta gumi, haki kawai take yi da baki buɗe, fukafukai a sake. Dole a shimfiɗa zana a kan kwanon, a kuma bi inuwar darbejiya da akurkin ko da ba nan ne layi ya kai ba. Da hunturu kuma ga annobar da ke share kajin unguwa cikin mako guda, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasul. Raga ba ta tare ta. Rigakafi ne maganinta, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom tana yin sa, har da irin wanda ke jure zafi, ana ɗiga shi a ido ko a sa a ruwan sha. Kada kuma wani ya ɗauka rufewa kariya ce daga komai: murar tsuntsayen da aka tabbatar a Najeriya a Fabrairun 2006, karo na farko da aka ga irinta a Afirka, a babbar gonar kaji aka gano ta a Jaji, ba a tsakar gidan wata tsohuwa ba.

Raunin wannan akurki mafi girma ba a katako yake ba. Tayoyin ba sa juya kansu. Na shiga gidajen da aka kashe kuɗi aka yi irinsa, ya yi wata biyu yana yawo, daga nan ya sami wuri ya zauna, tayoyin suka nutse cikin kashi. Wanda bai motsa ba ya fi akurkin Gwaggo muni nesa ba kusa ba, domin nata ana buɗewa da safe. Ya ma fi kejin waya muni ta wata fuskar, tunda a keji kashin yana zuba ƙasa, a nan kuwa a cikinsa suke tsaye. Saboda haka ba na iya ce wa Gwaggo na fi ta gaskiya. Abin da zan iya cewa shi ne ta zaɓi hanya mai sauƙin nauyi da yawan asara, ni na zaɓi mai ƙarancin asara da nauyin da ake sabuntawa kowace safiya. A ranar da na ja shi, maganarta ba ta kama ni ba. A ranar da ban ja ba, ta kama ni sarai.

Wata ɗalibata ta taɓa yi mini tambayar da na san tana zuciyar mutane da yawa. Ta ce, "Malama, duk wannan wahala a kan abin da ƙarshensa tukunya?" E, ƙarshensa tukunya. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma Abu Musal Ash'ari ya ba da shaida cewa ya ga Annabi yana cin naman kaza. Amma izinin da aka ba mu na yanka ne, da sunan Allah, da wuƙa mai kaifi, cikin gaggawa, kamar yadda hadisin Shaddadu ɗan Aus a Muslim ya koyar. Izini ne a kan minti ɗaya na ƙarshe, bai haɗa da watannin da suka gabace shi ba. Buhari ya kawo cewa Ibnu Umar ya tarar da wani yaro ya ɗaure kaza yana harbin ta, ya je da kansa ya kwance ta, ya kuma kai ƙarar yaron wurin manyansa. Kazar nan ma da ƙarshenta tukunya ne. Nakan tuna da wannan in na ga an ɗaure kaji ashirin ta ƙafa, kai a ƙasa, an rataya a bayan babur daga kasuwar ƙauye zuwa gari cikin rana, kuma mai babur ɗin zai tsaya a hanya ya yi azahar a kan lokaci.

Abin da wannan fahimta ta fi canja mini shi ne lissafin yawa. Da, in an tambaye ni kaji nawa zan iya riƙewa, kuɗin dusa nake dubawa. Yanzu ƙasa nake dubawa, da hannun da zai ja. Bayan ɗakina na kaji shida ne, in 'yan tsaki suka tasa suka zama sagaru, sai a sayar ko a yanka ko a yi kyauta, ko da farashin ƙwai yana ce mini in ƙara. In tafiya ta kama ni, yaron maƙwabta ne ke ja, ladansa ƙwan da aka yi a kwanakin, kuma sai na ga ya ja a gabana ba tare da ya danne ƙafar kaza ba kafin in bar masa. Ƙanwata da ke haya a Kaduna, a gidan da aka malale da siminti daga ƙofa har bayan gida, ta ce in turo mata kafintan ya yi mata irin nawa. Na ce mata a kan siminti tayoyin ba su da inda za su kai kowa. In ta matsa sai ta yi kiwon, to ta tsaya a kan kaji uku, ta sa a haɗa mata akwati mai faɗi a cika shi da yashi da toka, ta riƙa canja shi duk mako, ta kuma fara tambayar mai gidan da sauran 'yan haya ko sun yarda da carar zakara da asuba.